Laburarena na gyara rubutun Hausa yana aiki a kwamfutata: wane gwaji zan yi masa kafin in fitar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta ɗan laburare, wato kod da wasu masu rubuta manhaja za su iya amfani da shi a nasu aikin, da harshen Python, wanda yake gyara rubutun Hausa. Yana mayar da k', d' da b' su koma ƙ, ɗ da ɓ, yana juya 'y zuwa ƴ ga masu bin ƙa'idar Nijar, kuma yana jera kalmomi bisa tsarin abacada. A kwamfutata komai lafiya lau. Ina so in ɗora shi a PyPI, rumbun intanet da ake sauke laburaren Python daga cikinsa, don wasu su amfana, amma shawarwari sun yi mini yawa. A kan kayan aikin gwada kod, wannan ya ce pytest, wancan ya ce unittest, wani ya ce kada in fitar sai gwaji ya rufe kashi 100 na kod ɗin, wani kuma ya lissafo mini tox da Poetry da mypy. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aiki, domin duk wanda ya taɓa neman kalma a cikin tarin rubutun Hausa ya san wahalar da kake ƙoƙarin ragewa.

Kafin mu zo kan sunayen kayan aiki, akwai abin da nake so ya zauna maka a rai, don shi ne zai yanke maka rabin waɗannan shawarwari. Manhajar da ka rubuta don kanka, kai ka san kwamfutar da za ta hau, ka san sigar Python ɗin, ka san irin rubutun da za a zuba mata. Laburare ba haka yake ba. Ranar da ka ɗora shi a PyPI ya fita daga hannunka. Wani zai saka shi a Windows, wani a sabar Linux da babu wanda ya saita mata harshe, wani zai zuba masa rubutun da ya kwafo daga WhatsApp, wani daga jaridar Yamai mai gauraye da Faransanci. Saboda haka gwajin laburare alkawari ne da kake yi wa mutanen da ba ka taɓa gani ba: idan kun ba ni kaza, zan mayar muku da kaza, yau da gobe, a kowace kwamfuta. Duk kayan aikin da ya taimaka maka cika wannan alkawari ɗauke shi. Wanda bai taimaka ba bar shi, ko da duniya duk shi take yayi.

Tsakanin pytest da unittest, ɗauki pytest ka wuce. Ba don unittest ya lalace ba; yana cikin Python tun 2001 kuma zai daɗe a nan. Amma aikinka kusan duka jerin misalai ne, wannan kalma ta shiga, waccan ta fito, kuma parametrize na pytest an yi shi ne daidai don haka. Ka jera misali ɗari a tebur guda, kowanne ya zama gwaji mai zaman kansa, idan ɗaya ya faɗi ka ga ainihin wanda ya faɗi da abin da ya fito maimakon abin da ake tsammani. Ban da haka pytest yana gudanar da gwaje-gwajen da aka rubuta da unittest, don haka ko ka riga ka fara da wancan ba ka yi asara ba. Kada ka ɓata ko yini ɗaya a kan wannan muhawara.

Inda za ka ɓata lokaci shi ne abin da za ka zuba a cikin teburin, kuma a nan zan daɗe, don a nan aikin yake.

Fara da waƙafin sama, alamar nan da ke cikin ba'a da 'yan. A ido ɗaya ce, amma a wurin kwamfuta aƙalla uku ce. Akwai miƙaƙƙiya ta allon rubutu, U+0027. Akwai lanƙwasasshiya, U+2019, wadda Word da wayoyi da yawa ke saka maka da kansu ba tare da ka nema ba. Akwai kuma U+02BC, wadda Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ta lissafa a matsayin harafi, ba alamar rubutu ba. Wannan bambanci ba na ado ba ne: a Python, isalpha, mai duba ko abu harafi ne, zai amsa maka da gaskiya a kan ta ukun, ya ƙi a kan biyun farko, wato mai raba kalmomi zai iya ɗaukar ba'a kalma ɗaya a wani rubutu, ya tsaga ta biyu a wani. Kowane misali mai wannan alama a teburinka, gwada shi sau uku. Kuma a cikin fayil ɗin gwajin ka rubuta lambar alamar, kamar \u2019, maimakon ita kanta alamar, domin idonka ba zai bambance su ba bayan wata shida, sannan wata manhajar rubutu tana iya sauya maka ita a ɓoye, gwajin ya ci gaba da wucewa alhali ba abin da kake zato yake gwadawa ba.

Sai ka zo kan juya d' zuwa ɗ. D'an ya koma ɗan, madalla. To d'accord fa? Rubutun 'yan'uwanmu na Nijar cike yake da d'abord da d'accord da sunayen hukumomi na Faransanci, kuma idan laburarenka ya mayar da su ɗaccord, ya lalata rubutun da aka ba shi amana. Haka nan kalmar da ta ƙare da d ko k ko b a cikin alamar zance guda: wanda ya rubuta 'Facebook' bai nufi k ɗin ƙarshe ta zama ƙ ba. Mafi wuya ita ce 'y. Mutum ya rubuta: ta ce 'yara su shigo'. Wannan waƙafin buɗe zance ne, kalmar yara ce, amma na'ura mai bin ƙa'ida ido rufe za ta fitar da ƴara. Ba na cewa dole ka warware dukan waɗannan. Wasu ba su warwaruwa sai da ƙamus ko da duba jimla gaba ɗaya. Abin da nake cewa shi ne ka yanke hukunci a kan kowanne da saninka, ka rubuta hukuncin a matsayin gwaji, ka kuma faɗa wa masu amfani a takardar bayani. Ni a ganina, inda laburare bai tabbatar ba gara ya bar rubutu yadda ya same shi. Harafin da ba a gyara ba mai karatu zai gane shi. Wanda aka gyara ba daidai ba, an binne asalinsa.

Manyan baƙaƙe ma suna da nasu tarkon. Python tana mayar da ƙasa zuwa ƘASA daidai, don ƙ tana U+0199, babbarta tana U+0198, kuma Unicode ta haɗa su. Amma gwada title, mai girmama harafin farko na kowace kalma, a kan ba'a, za ka ga Ba'A. Gwada capitalize, mai girmama harafin farko na rubutu, a kan 'yan, zai dawo maka da shi yadda yake, domin abu na farko da ya gani alama ce ba harafi ba, alhali mu 'Yan muke rubutawa a farkon jimla. Jerin abacada kuwa, sorted yana bin lambobin Unicode ne, don haka ƙasa za ta faɗo bayan zuma, sannan ɓera da ɗaki su biyo bayan ƙasa, tunda ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257. Ka kuma yanke shawara a kan sh da ts, ko haruffa ne masu zaman kansu a jerinka ko a'a, ka kafe ta da gwaji. Abu na ƙarshe a wannan layi: idan rubutu mai alamar karin sauti ya shigo, irin na ƙamus da littattafan nahawu, à tana iya zuwa a dunƙule ko a matsayin a da alama daban a bayanta. Daidaita su da NFC, tsarin Unicode mai dunƙule harafi da alamarsa, tun a bakin ƙofa. Ka sani kuma dabarar da mutane ke yi ta warware harafi da NFD su zubar da alamomin sama ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, domin Unicode ba ta ɗauki lanƙwasar a matsayin alama mai cirewa ba.

Duk waɗannan misalai ne da ka zauna ka tuno. Matsalar ita ce kai ka rubuta kod ɗin, kai kuma ka rubuta gwajin, abin da bai zo maka a rai a can ba, ba zai zo maka a nan ba. Maganin wannan shi ne Hypothesis, laburare mai ƙirƙiro misalan gwaji da kansa, kuma idan kayan aiki ɗaya za ka ƙara a kan pytest, shi nake so ka ƙara. Tunanin ya samo asali ne daga QuickCheck, wanda Koen Claessen da John Hughes suka gabatar don harshen Haskell a shekarar 2000. Maimakon ka ba da misali, sai ka faɗi ɗabi'ar da dole ta tabbata a kan kowane rubutu, shi kuma ya yi ta ƙirƙiro rubuce-rubuce barkatai yana neman wanda zai ƙaryata ka. Idan ya samu, sai ya yi ta rage shi har ya kai mafi gajarta da har yanzu yake karya kod ɗin, ya miƙo maka. Ɗabi'un da suka dace da aikinka a fili suke. Gyara rubutu sau biyu dole ya ba da abin da gyara sau ɗaya ya bayar. Rubutun da ba shi da waƙafin sama ko kaɗan kada juya haruffa ya taɓa shi. Jera kalmomi kada ya ƙara ko ya rage ko ɗaya. Kuma ko me aka zuba, ko rubutun ajami, ko hotunan motsin rai na waya, ko rubutu marar komai a ciki, laburaren kada ya fashe.

Na taɓa rubuta irin wannan mai gyaran rubutu don wani aikin tattara labarai, ina da misalai da yawa, duka suna wucewa, hankalina kwance. Ranar da na sa masa gwajin gyara sau biyu, cikin daƙiƙu ya kawo mini harafi ɗaya da waƙafi biyu a jere. Zagaye na farko ya cinye waƙafi ɗaya, zagaye na biyu ya sake taɓa abin da ya rage. A aikin namu rubutu yana bi ta cikin mai gyaran sau biyu, lokacin shigowa da lokacin bincike, ashe shi ya sa wasu kalmomi suke ɓacewa a nema, mun yi makonni muna zargin rumbun bayanai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk abin da Hypothesis ya kamo maka, mayar da shi misali na dindindin a teburinka.

Yanzu batun kashi 100. Saka coverage.py, ka kunna auna rassa ba layuka kaɗai ba, ka riƙa duba rahoton don ka ga inda gwaji bai taɓa takawa ba. Amfaninsa ke nan, kuma babba ne. Amma ma'aunin yana nuna layin da aka bi ta kansa ne, ba ya nuna ko an duba abin da layin ya fitar. Za ka iya kai kashi 100 ba tare da ka tabbatar da sakamako ko ɗaya ba, kuma duk tarkunan da na lissafa a sama suna iya kwana lafiya a ƙarƙashin kashi 100. Mutane kan kawo misalin SQLite, wata manhajar rumbun bayanai, wanda kod ɗin gwajinsa ya ninka ainihin kod ɗinsa sau ɗaruruwa kuma yake rufe kowane reshe. Gaskiya ne, amma su sun kai wannan adadi ne saboda tsananin gwajin da suke yi, har da kwaikwayon ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta fayil da ƙarewar ƙwaƙwalwa; adadin sakamako ne, ba shi kaɗai suka sa a gaba ba. Laburare ƙarami irin naka zai kusanci ɗari da kansa idan ka bi abin da na faɗa. Idan kana son sanin ko gwajin naka yana da haƙora, gwada mutmut sau ɗaya kafin fitarwa: yana ɓata kod ɗinka da gangan, ɗan canji ɗaya a lokaci guda, ya ga ko akwai gwajin da zai yi kuka. Duk ɓarnar da ta wuce shiru, rami ne.

Ka gwada ƙofar gida, kada ka gwada ɗakunan ciki. Ma'ana, gwaje-gwajenka su kira abubuwan da mai amfani zai kira, ba ƙananan ayyukan ɓoye masu layin ƙasa a farkon suna ba. In ba haka ba, duk ranar da ka so sake tsarin ciki, gwaji hamsin za su faɗi alhali babu abin da ya lalace, har ka fara jin tsoron taɓa kod ɗinka. Laburarenka ba ya hawa intanet, ba ya taɓa rumbun bayanai, don haka ba ka da hujjar cika gwajinsa da mock, wato abubuwan bogi da ake sawa a madadin na gaske lokacin gwaji.

Maganar "a kwamfutata yana aiki" ita ce ta kawo mu ga abin da ya fi yawan kunyata masu fitar da laburare karo na farko. Ina kyautata zaton za ka ajiye jerin kalmomin da ba a taɓawa, irin su d'accord, a wani fayil daban. Abu biyu ke jiran wannan fayil. Na farko, yana iya ƙin shiga cikin ƙunshin da ka ɗora: a wurinka yana nan a gefen kod, gwaji ya wuce, amma wanda ya sauke daga PyPI bai same shi ba, laburaren ya mutu tun a layin farko. Rigakafinsa shi ne ka sa kod ɗinka a cikin babban fayil mai suna src, yadda gwaji ba zai iya ganinsa ba sai an girka shi, sannan ka gina ƙunshin wheel, wato fayil ɗin da mutane za su sauke su girka, ka girka shi a sabon muhalli fes, ka gudanar da gwajin a kan wancan. Na biyu, idan ka buɗe fayil ba ka faɗi encoding="utf-8" ba, a Linux da Mac galibi babu abin da zai faru, amma a Windows sigogin Python da mutane ke amfani da su suna ɗaukar tsarin haruffan kwamfutar, sau da yawa cp1252, wanda babu ƙ a cikinsa. Karantawa ta fito da shirme, rubutawa ta fashe. Tun daga Python 3.10 akwai gargaɗin EncodingWarning da za ka iya kunnawa ya nuna maka duk inda ka manta. Kunna shi, ka kuma saita pytest ya ɗauki kowane gargaɗi a matsayin faɗuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa GitHub Actions, hidimar da ke gudanar maka da gwaji a kan na'urorin GitHub, ba ado ba ne a wurinka. Kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe ga kowa, kuma yana ba ka Linux da Windows da Mac. Saita shi ya gudanar da gwajin a kan ukun, da kowace sigar Python da ka ce kana goyon baya. Python tana fitar da sabuwar siga kowane Oktoba, kowace kuma tana samun kulawa shekara biyar, 3.8 ta daina samu a Oktoban 2024. Bi waɗanda ke raye kawai, kuma kada ka rubuta sigar da ba ka gwada ba. Ga mai fama da tsadar data da ɗaukewar wuta, wannan sauƙi ne ma: nauyin saukewa da girkawa ya koma kan na'urorinsu. Shi tox, ko ɗan'uwansa nox, aikinsa ya yi maka irin wannan a kwamfutarka. Ɗauki ɗaya idan ka ji buƙata, ba dole ba ne ranar farko.

Sauran kayan kuwa a taƙaice. Fayil ɗin pyproject.toml guda ya ishe ka duk saiti. Kada ka kwafi tsohon darasi mai dogaro da distutils, an cire shi daga Python tun 3.12. Don gina ƙunshi, hatchling ko setuptools ko flit duk za su yi maka. Poetry ba laifi, amma ba za ka rasa komai ba idan ka bar shi. Ruff shi kaɗai ya ɗauke maka aikin tsara kod da duba ƙananan kurakurai da a da ake haɗa kayan aiki uku ko huɗu a kansu. Rubuta nau'in abin da kowane aiki ke karɓa da abin da yake mayarwa, ka duba da mypy, ka saka fayil marar komai mai suna py.typed a cikin ƙunshin don masu amfani su ma su ci moriyar. Misalan da ke takardar bayaninka ka gudanar da su da doctest, domin misalin da ya daina aiki shi ne abu na farko da baƙo zai kwafa.

A kan dogaro da laburaren wasu, ra'ayina mai tsauri ne: aikinka unicodedata da re sun ishe shi, kuma duka suna cikin Python. Duk abin da ka jingina da shi, ka ɗora shi a wuyan kowane mai amfani da kai. A Maris 2016 mai wani ƙunshi mai layi 11, left-pad, ya janye shi daga npm, takwarar PyPI ta harshen JavaScript, manyan ayyuka da yawa suka kasa ginuwa a ranar. Idan wata rana dole ta sa ka dogara da wani, kada ka kafe siga ɗaya tak kamar yadda ake yi a manhaja, don za ka yi karo da abin da mai amfani ya riga ya girka. Faɗi mafi ƙarancin sigar da kake buƙata, ka gwada da ita, ka gwada da sabuwa.

Akwai abu ɗaya da sai bayan fitarwa za ka ji nauyinsa. Hyrum Wright, injiniya da ya yi aiki a Google, ya lura cewa idan masu amfani suka yi yawa, duk ɗabi'ar da ake iya gani a laburarenka wani zai jingina da ita, ko ka yi alkawarinta ko ba ka yi ba. A wurinka ma'anar ita ce: wani zai gyara kalmomi dubbai da sigarka ta farko ya adana su a rumbun bincikensa. Ranar da ka sauya wace alama ce 'y ke fitowa da ita, kai a ganinka gyara ka yi, shi kuwa bincikensa ya daina samun tsofaffin kalmominsa. Don haka tara rubutun Hausa na gaske, na Kano da na Damagaram da na saƙonnin waya, wanda kake da izinin amfani da shi kuma babu sirrin kowa a ciki, ka adana abin da laburaren ya fitar a kansa. Kafin kowace fitarwa ka kwatanta. Idan sakamakon ya canza, ka duba shi da idonka layi bayan layi, ka rubuta shi a takardar canje-canje, ka ɗaga lambar siga yadda ta dace da girman canjin.

Fara da 0.1.0, wadda a ƙa'idar lambobin siga take sanar da kowa cewa abubuwa na iya sauyawa. Ɗora a TestPyPI, filin gwaji na PyPI, tukuna, ka roƙi wani mai Windows ya girka ya zuba masa rubutunsa. PyPI ba ta yarda ka sake ɗora fayil da sunan da lambar da ka riga ka yi amfani da su, ko ka goge na farkon, don haka kuskure sai dai a gyara shi da sabuwar lamba. Asusunka zai buƙaci tabbatarwa mai mataki biyu, wadda ta zama dole tun farkon 2024. Sannan ka saita Trusted Publishing, wanda PyPI ta kawo a 2023, yadda GitHub Actions ne zai ɗora ƙunshin da kansa bayan gwaji ya wuce a kan dukan kwamfutocin, ba tare da ka ajiye wani mabuɗin sirri a ko'ina ba. Idan ka kai nan, turo mini teburin misalan naka, ina da wasu kalmomin Nijar da zan ƙara maka a ciki.